Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Shawara Ga Ƙannenmu Masu Son Koyon Gina Shafin Intanet



Tun ƙarshen 2023, lokacin da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani, maganar koyon kwamfuta ta shiga kowace majalisa. A nan Abbare ma haka ne. Tambayar da matasa suka fi kawo mana ita ce: "Ina son koyon gina shafin intanet, da me zan fara?" Wannan ya ce masa Python, wancan ya ce React, wani kuma ya ce kada ya wahalar da kansa, ai ChatGPT na yin komai. Yaro ya fara wannan mako biyu, ya koma wancan mako uku, shekara ta ƙare, kuɗin data sun tafi, ba shi da ko shafi ɗaya da zai nuna.

Matsayinmu a taƙaice: a zaɓi hanya ɗaya, a fara daga tushe, kada a sauka sai an gina abin da wani zai yi amfani da shi.

Tushen kuwa abu uku ne. HTML shi ne bulo da ginshiƙi, shi ke tsara inda rubutu da hoto za su zauna. CSS shi ne filasta da fenti. JavaScript kuma wayarin wuta ne, shi ke sa idan an danna abu ya amsa. An ƙirƙiro JavaScript a 1995, CSS ya fito a 1996, HTML ma ya girme su. Kusan shekara 30 ke nan kayan yayi na zuwa suna wucewa, amma duk shafin da ka buɗe a wayarka a kan waɗannan ukun yake tsaye. React ɗin da ake ta zuzutawa, wanda kamfanin Facebook ya saki a 2013, da JavaScript aka gina shi. Wanda ya tsallake zuwa can kai tsaye kamar yaron tela ne da bai iya ɗinka layi miƙaƙƙe ba, ya ce sai babbar riga.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu musamman. Mun san halin wutar lantarki da tsadar data a Jalingo. To, gwajin waɗannan ukun ba ya buƙatar intanet. Ka sauke darasi lokacin da kake da data, ka rubuta aikinka a kwamfuta, ka buɗe shi a Chrome ko Firefox ka ga sakamako nan take. Ba sai da sabuwar laftof mai tsada ba, ta hannu mai batir mai kyau ta wadatar. Waya tana taimakawa wajen karatu, amma aikin gaske sai da kwamfuta, ko da ta aro ce.

Darussa ma kyauta suke. Dandalin freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, yana ɗaukar mutum daga farko mataki-mataki. The Odin Project ma haka, sai MDN na Mozilla da ake komawa idan an manta wani abu. A ɗauki ɗaya daga biyun farko, a bi shi har ƙarshe. Sai dai a sani, da Turanci aka rubuta su, saboda haka wanda Turancinsa ke da rauni ya haɗa da gyara shi.

Wani zai ce: "Ni yanzu nake buƙatar kuɗi, ba ni da watannin jira." Maganarsa tana kan hanya. Gare shi akwai WordPress, wanda ya fito a 2003, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da shi aka yi su. Da shi za ka iya haɗa wa makaranta ko shago shafi ba tare da dogon rubutun kwamfuta ba. Sana'a ce mai kyau. Amma ranar da abu ya lalace, ko mai aiki ya nemi a sauya wani fasali, wanda ya san HTML da CSS shi zai gyara, shi kuma za a sake kira.

Batun ChatGPT kuma, gaskiya ne yana rubuta shafi cikin daƙiƙoƙi. Yana kuma yin kuskure ba tare da ko ɗar ba. Wanda bai san tushe ba, ba zai gane inda kuskuren yake ba, balle ya gyara. Keken ɗinki mai amfani da wuta bai taɓa mayar da wanda bai iya yanka ba tela.

Bayan tushe sai aiki. Ka je wurin shugaban Islamiyyarku, ko telan unguwa, ko mai shago a babbar kasuwar Jalingo, ka yi masa shafi mai ɗauke da kayansa, farashi da lambar WhatsApp. Ka ɗora shi a GitHub Pages, ba a biyan ko kwabo. A nan za ka koyi abin da babu a darasi: sauraron mai aiki, cika alkawari, da yin shafin da zai buɗe da wuri a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni. Shafuka uku irin wannan sun fi satifiket goma, domin mai ba da aiki abin da zai fara cewa shi ne: "Nuna min wanda ka yi."

Ga wanda ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Taraba, ko Jami'ar Tarayya ta Wukari, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bali, kada ya bar karatu saboda wannan. Ya riƙe boko, ya ware sa'a ɗaya ko biyu kullum don aikin hannu.

Iyayenmu, kafin a sayar da buhunan masara ko akuya a biya kuɗin wani kwas, a yi tambaya uku: Me za a koyar, kuma da wane jeri? Ina shafukan da tsofaffin ɗalibai suka gina? Kowane ɗalibi zai samu kwamfutar da zai taɓa da hannunsa? Duk wanda ya yi alkawarin dala cikin wata guda, a kama kai, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Sau da yawa kuɗin nan sun fi amfani idan aka saya wa yaro laftof. Kuma ba duk yaron da ya duƙufa a kan kwamfuta ne ɗan damfara ba; a ce ya nuna abin da yake ginawa. 'Ya'yanmu mata ma a ba su dama, sana'a ce da ake yi daga cikin gida.

Muna roƙon 'yan uwa da suka riga suka iya wannan aiki, na gida da na nesa, kowa ya riƙe hannun ƙane ɗaya ya riƙa duba masa aikinsa.

Allah Ya yi wa neman matasanmu albarka, amin.

Sakataren Ƙungiya