Waiwaye: Ranar da agogon mita ya cika

Masu mitar kati a Gwandu da Kalgo ba za su manta da ƙarshen shekarar 2024 ba. Kamfanonin raba wutar lantarki, har da Kaduna Electric mai kula da Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna, sun yi ta shela cewa kowa ya sabunta mitarsa kafin 24 ga Nuwamba. Ana ba mutum jerin lambobi biyu, kowane mai lamba 20, ya danna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi ba, wutar da ya riga ya saya za ta ci gaba da ci, amma mitar ba za ta karɓi sabon kati ba.

Dattawa da yawa sun ɗauka dabara ce ta ƙarin kuɗi. Ba haka ba ne. A cikin kowane kati akwai ƙidayar mintuna da ta faro daga 1 ga Janairun 1993, don kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu. Gurbin ƙidayar ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 16,777,216, wato kusan shekara 32. Da gurbin ya kusa cika, sai aka mayar da mafari zuwa 2014, abin da zai kai mu 2045.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mitocin ba su lalace ba. 'Yar ƙwaƙwalwa guda ɗaya ce a ciki, tana aikinta cikin zafi da ƙurar hunturu ba ta gajiya. Rayuwarta ta dogara ne ga wasu mutane can nesa da suka ci gaba da kula da tsarinta. A Legas, tsofaffin mitocin Unistar ba su sabuntu ba, sai maganar sauya su, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta shiga tsakani.

Irin waɗannan na'urori sun cika garuruwanmu: injin POS a bakin kasuwa, na'urar sarrafa sola a rijiyar burtsatse, akwatin intanet a harabar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Da yawansu kan manhajar Linux ko Android suke tafiya. To, a 2023 masu kula da Linux suka sanar da rage wa'adin gyaran sigoginsu na dogon zango daga shekara 6 zuwa 2, saboda aikin ya yi wa masu yinsa nauyi. Akwai dai wani shiri, Civil Infrastructure Platform, da aka kafa a 2016, wanda ke riƙon wasu sigogi aƙalla shekara 10 domin jiragen ƙasa, masana'antu da tashoshin wuta. Rijiyar da ke shayar da unguwa guda ba ta gaza waɗannan daraja ba a wurina.

Mu kuwa idan aka kawo kaya, farashi da ƙarfin batir muke tambaya. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da ƙungiyoyin ci gaban gari masu tara kuɗin jama'a: kafin ku sa hannu, ku sa ɗan kwangila ya rubuta shekara nawa za a yi ana gyara manhajar na'urar, da kuma wanda za a nema idan wa'adin ya cika.