Dasashin Mai Ciwon Sukari: Maganin Araha Da Aka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

A lungunan cikin birnin Kano, daga Mandawari zuwa Yakasai, da wuya a rasa dattijon da ke fama da ciwon sukari. 'Ya'yansa ne ke kai shi Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, su ne ke karo-karon kuɗin allura. Amma ranar da ya tofar da jini wajen alwala, ko haƙorinsa ya fara girgiɗi, sai a ce ai tsufa ne. Wannan kuskure ne mai tsada.

Tun 1993 wani likitan haƙori, Harald Löe, ya kira ciwon dasashi masifa ta shida cikin masifun da ciwon sukari ke haifarwa. Mai sukari ya fi waninsa kamuwa da shi kusan ninki uku, kuma cutukan biyu suna ciyar da juna. Sukari na raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su yi sansani a gindin haƙori, kumburin da suka tayar kuma ya hana insulin aiki, sukarin ya ƙara hawa.

A 2022 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 35, ta gano cewa kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi na rage ma'aunin sukarin wata uku, wanda likitoci ke kira HbA1c, da kimanin maki 0.4. Kada a raina wannan. Babban binciken da aka buga a Ingila a 2000 ya nuna cewa saukar maki ɗaya tak na tafiya da raguwar lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin na ido da ƙoda, da kashi 37 cikin ɗari. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka lissafa cewa biya wa masu sukari maganin dasashi ya fi araha a kan jinyar abin da zai biyo baya.

To, ɗan uwa ya yi lissafin da kansa. Kankare dasashi zama ɗaya ne ko biyu. Wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano kuwa sau biyu ko uku ne a kowane mako, ba ranar dainawa sai an yi dashe. Gidaje nawa aka sayar saboda shi? Wa zai ciyar da iyalin magidancin da ya makance?

Wani zai ce ai ga aswaki. Haƙiƙa aswaki sunna ce mai ƙarfi, Manzon Allah (S) ya kwaɗaitar da yin sa a kowace salla, kuma riƙo da shi rigakafi ne. Sai dai dattin da ya riga ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori ba ya fita da aswaki ko buroshi, sai da kayan aikin likita. Haka nan mai fizge haƙori a bakin kasuwa ba likita ba ne, kuma raunin mai sukari ba ya saurin warkewa.

Mahukunta na da nasu alhakin. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Mai zuwa Landan duba lafiyarsa ina ruwansa da bakin raunana? Adalci shi ne a haɗa duba dasashi da ranar ganin likitan sukari a kowane asibitin gwamnati.

Kafin nan, nauyin yana wuyan matasa. Duk mai mahaifi ko mahaifiya da ke da sukari ya lura da jini, warin baki ko girgiɗin haƙori, ya kai su sashen haƙori ko da sau ɗaya a shekara, ya kuma shaida wa likita cewa suna da sukari. Mai shan taba ya daina, don tana ƙara rura cutar. Wannan ma biyayya ce ga iyaye, kuma Allah ba Ya tozarta ladan mai kyautatawa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.