Ba Kowace Cutar Rai Ce Shafar Aljani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, jahilcin da muka yaƙa a hannun bokaye da 'yan bori ya dawo mana sanye da rawani. Yarinya ta riƙa yanka hannunta da reza, ko saurayi ya yi yunƙurin kashe kansa, sai a ce aljani ne, a miƙa shi ga mai ruƙiyyar kasuwa ya zane shi da bulala. Ba mu musun samuwar aljanu, kuma ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce. Amma ina dalilin ɗaure mara lafiya? A 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya.

Alhali kuwa likitoci sun san wata cuta ta rikicewar hali: fushi mai tsanani, tsoron a guje wa mutum, so da safe ƙi da yamma, da cutar da kai. Dominta Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ta tsara maganin tattaunawa da ake kira DBT. Gwajin da ta buga a 1991 ya nuna raguwar cutar da kai da kwanakin jinya a asibiti. Daga baya an faɗaɗa shi zuwa shaye-shaye, da cin abinci ba ƙaƙƙautawa a amayar, da firgicin da ke bin bala'i. Abubuwa huɗu yake koyarwa, yawanci cikin shekara guda: halarto da hankali, jure ƙunci ba tare da ɓarna ba, sarrafa motsin zuciya, da iya zama da mutane.

Wani zai ce na Turawa ne, har da ɓurɓushin addinin Buda a cikinsa. Sai mu ce: a tace, kada a zubar. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan maganin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin Masalihul Abdani wal Anfus. Mu ne muka watsar da wannan gado.

Saboda haka, wanda ɗansa ke cutar da kansa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa ko Kware ko Dawanau, ya haɗa da addu'a. Likitocinmu Musulmi kuma su koyi wannan fanni, malamai su faɗakar a kan mumbari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.