Ra'ayinmu: Idan na'ura ta tsaya, wa za a kira?

Da asubahin Juma'a 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wa masu amfani da manhajarsa wani sabon gyara mai kuskure a ciki. Bayan minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ce kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 ne suka ƙi tashi. Aiki ya tsaya cik a bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000, ya kuma ce ya yi asarar dala miliyan 500.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka yi gyaran. Kwamfutar da ta ƙi tashi ba ta hawa intanet, balle a gyara ta daga nesa. Dole sai ma'aikaci ya zauna gabanta ya goge fayil ɗin da ya jawo matsalar, ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka kulle da BitLocker kuwa sai an lalubo mabuɗinta mai lamba 48. A ranar, ƙananan ma'aikatan nan da ake kira idan firinta ta ƙi aiki su ne suka ceto manyan kamfanoni.

Wannan fa shi ne ke hana shugabannin sashen fasaha barci. Sayen na'ura abu ne na rana ɗaya, mai kuɗi zai saya. Tambayar ita ce: idan ta tsaya da tsakar dare, wa zai ɗaga waya, kuma cikin awa nawa zai iso? Duk da haka, in aka zo rage kashe kuɗi, sashen kula da na'urori da sauraron koken jama'a ake fara yi wa aski, wai ba ya kawo riba.

Mu ma a nan Ghana mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris na shekarar, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace, hukumar sadarwa ta NCA ta ce gyara zai ci aƙalla mako biyar. Ɗan kasuwa a Nima ko Zongon Kumasi bai damu da sunan wayar da ta tsinke ba. Shi dai yana so ya ji ina kuɗinsa suka maƙale, da kuma ranar da za su fito.

Saboda haka muna kira ga masu kamfanoni da bankuna: kada ku sa hannu kan cinikin manhaja sai an rubuta lokacin da mai sayarwa zai amsa kira, da tarar da zai biya in ya saɓa. A gwada kowane sabon gyara a kan kwamfutoci kaɗan kafin a baza shi ko'ina. A tanadi hanya ta biyu, kada a dogara da kamfani ɗaya. A horas da 'yan gida, a biya su da kyau don kada su gudu. In kuma an samu matsala, a fito a gaya wa mutane gaskiya da harshen da suke ji. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.