VPN ba laya ba ce: abin da ɓarakar TunnelVision ta koya mana

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, matasa da dama suka koyi amfani da VPN cikin dare ɗaya. An janye takunkumin a Janairun 2022, amma manhajar ta ci gaba da zama a wayoyi, tare da wani zato: da zarar ka kunna ta, babu mai ganin abin da kake yi a intanet. Wannan zaton yana da haɗari.

A watan Mayun 2024, masu bincike biyu na kamfanin Leviathan Security Group da ke Amurka, Lizzie Moratti da Dani Cronce, suka bayyana wata ɓaraka da suka raɗa wa suna TunnelVision. Aikin VPN shi ne ta kulle bayananka, ta tura su ta wani bututu zuwa kamfaninta kafin su fita duniya. Masu binciken sun nuna cewa ana iya karkatar da bayanan su bi ta gefen bututun. Ɓarawo bai fasa kwaɗo ba, ta bayan gida ya zaga.

Ga yadda abin ke faruwa. Duk sanda ka hau Wi-Fi, akwai tsarin da ake kira DHCP wanda ke ba na'urarka adireshi, ya kuma nuna mata hanyar da saƙonni za su bi. A cikinsa akwai wani zaɓi mai lamba 121 da aka shigar tun 2002. Mugun da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya kafa nasa DHCP na bogi, ya yi amfani da zaɓin ya ce wa kwamfutarka: saƙonnin shafi kaza, ta wurina za su bi. Ita kuwa sai ta bi umarnin. Abin tayar da hankalin shi ne, manhajar VPN za ta ci gaba da nuna maka cewa a haɗe take, alhali bayananka na yawo a waje.

Ɓarakar ta shafi Windows da macOS da iPhone da Linux. Wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun akasarinmu, sun tsira, domin ba sa amfani da zaɓi na 121 kwata-kwata. Haka kuma sai mai kai harin ya samu shiga Wi-Fi ɗin da kake kai ko yana iko da shi. Shafukan da adireshinsu ya fara da https da saƙonnin WhatsApp suna da nasu makullin, don haka ba zai karanta abin da ke ciki ba. Amma zai san shafin da ka shiga da lokacin da ka shiga.

Ga mai kallon ƙwallo wannan ba komai ba ne. Ga ɗan jaridar da ke binciken almundahana daga ɗakin otal, ko mai fafutukar kare haƙƙin jama'a da ke aiki da kwamfuta a filin jirgi, wannan ɗan bayanin ya isa a gano da wa yake hulɗa.

A ganina, babban laifin na masu tallata VPN ne. Shekara da shekaru suna cewa manhajarsu ce maganin Wi-Fi na otal da gidan abinci, sai ga shi a daidai wurin ne aka gano raunin. Wanda aka sayar wa garkuwa ya cancanci a gaya masa inda take da huda.

Wannan ba ya nufin a goge VPN. Tana da amfani wajen buɗe shafukan da aka toshe da kuma ɓoye zirga-zirgarka daga kamfanin sadarwa. Amma idan aikin mai muhimmanci ne, ka bar Wi-Fi na jama'a, ka haɗa kwamfutarka da datar wayarka. Ka riƙa sabunta manhajojinka, ka duba https kafin ka saka kalmar sirri, ka kuma bincika ko kamfanin VPN ɗinka ya ce wani abu kan TunnelVision. Idan ya yi gum, shirun nasa ma amsa ce.