Tsofaffin Finafinan Ƙagen Kimiyya a Idon Manomin Ƙasar Kano

A shekarar 1973 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Soylent Green, wanda Richard Fleischer ya ba da umarni, Charlton Heston ya fito a matsayin jarumi. Labarin ya yi kirdadon yadda birnin New York zai kasance a shekarar 2022: mutum miliyan 40 a cunkushe, zafi ba dare ba rana, gonaki sun gaza, talakawa na layin karɓar wani abinci mai kama da biskit, wanda daga ƙarshe aka gano da gawar mutane ake yin sa. Irin wannan fim shi ake kira ƙagen kimiyya, wato labarin da aka gina a kan abin da ilimin kimiyya ka iya haifarwa nan gaba. Hausa ma tana da irinsa a rubuce, domin tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya.

A daidai shekarar da fim ɗin ya fito, arewacin ƙasar Kano na cikin farin da ya addabi yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974. Abin da Amurkawa suka biya kuɗi suka kalla a majigi, manomin Ɗambatta da na Kunchi a rumbunsa ya gan shi. Saboda haka jikan wannan manomi, wanda yau yake kallon fim a wayar hannu, ya fi ɗan New York cancantar yanke wa waɗannan finafinai hukunci, kuma hukuncin ba zai zo iri ɗaya a kowane ɓangare ba.

Ta fuskar kayan aiki dai sun tsufa, wannan ba abin jayayya ba ne. Na'urorin da suka ɗauka su ne ƙarshen ci gaba, wayar da ke aljihun ɗalibi ta fi su. Lissafinsu ma bai ci ba, domin ƙidayar 2020 ta nuna mutanen New York ba su kai miliyan 9 ba. Sai dai tsufar kaya ba ita ce babbar illa ba. Babbar illar ita ce tunanin da aka ɗora labarin a kansa, cewa da zarar jama'a ta yi yawa, ƙasa za ta mutu, yunwa ta biyo baya. Wannan ra'ayi ya yi tashe bayan littafin Paul Ehrlich, The Population Bomb, na 1968. To, karkarar Kano na daga cikin wuraren da suka ƙaryata shi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya tarar ana noma gona guda kowace damina ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin kuwa hannu ne: yawan mutanen da fim ya ɗauka bakuna ne kawai, a nan su ne masu kai taki gona a mangalar jaki, masu tara kashin awaki da tokar murhu, masu haɗa gero da wake a kunya ɗaya, masu adana harawa da karmami domin dabbobin da za su sake ba da takin baɗi.

Wani fim na 1972, Silent Running, ya fi ba manomi dariya. A cikinsa an kwashe ragowar dazuzzukan duniya an adana a jiragen sararin samaniya, sai itatuwan suka fara bushewa, masanin tsirrai ya rasa dalili, sai can daga baya ya gane ƙarancin hasken rana ne. Yaron da ya tashi a Bichi ko Makoɗa, wanda ya san dalilin da ya sa ake barin gawo a tsakiyar gona, wato yana zubar da ganye da damina ba ya tare wa shuka rana, ba zai yafe wa masanin wannan jinkiri ba. Haka nan waɗannan finafinai sun ɗauka tsira aikin jarumi ɗaya ne. A farin 1973 kuwa, abin da ya riƙe gidaje shi ne rancen hatsi tsakanin dangi, da tafiya ci-rani, da sayar da akuya, da sanin da mata suke da shi na tafasa da yaɗiya da rama.

Duk da haka, kuskure ne a yar da su. Akwai inda dattijon Soylent Green, wanda Edward G. Robinson ya fito a madadinsa, ya ga yankan naman sa ya fashe da kuka, saboda ya tuna zamanin da abinci ke da ɗanɗano. Wannan bai tsufa ba. Haka yaƙin da ake yi a kan man fetur a Mad Max 2 na 1981, duk wanda ya ga yadda kuɗin mota da na injin ban-ruwa suka tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ya buƙatar a yi masa fassara. Kuma gonar da ta ƙaryata Ehrlich ba ta da tabbacin gobe: rabon gado na ƙara tsuke ta, takin zamani ya yi tsada, birni na cinye ta daga gefe, matasan da ya kamata su kai taki sun tafi neman kuɗi.

Amfaninsu ga malamin Hausa shi ne su zama abin muhawara da insha'i. Wajibi ne ya tace tukuna, domin a Soylent Green ana ɗaukar wasu mata tamkar kayan ɗaki, kuma akwai wuraren da ba su dace da aji ba. Zai iya nuna gajeren yanki, sannan ya tura ɗalibai su tambayi dattawan garinsu abin da aka ci a 1973, da wanda ya ba da rance, da wanda ya tafi bai dawo ba, su rubuto su kwatanta da abin da suka gani a fim.