Kuɗin rijiya da kuɗin lanho

A kasuwar Filinge, ranar Lahadi, zancen man fetur ba ya ƙarewa. Tun 2011 matatar Damagaram ke tace man Agadem. A 2024 aka fara tura shi ta bututu zuwa bakin teku a Benin, tafiyar kusan kilomita 2000. Masu zance suna cewa wahala ta kusa wucewa. To, a saurara.

Wasu ƙasashe sun riga Nijar bin wannan hanya. A 1991 Tarayyar Sobiyat ta watse. Babbar ƙasa ce ta ƴan kwaminis, inda jam'iyya ɗaya tak ke mulki. Ƙasashe 15 suka fito daga cikinta. Ɗaya ita ce Azarbaijan, mai arzikin mai. Haidar Aliyev ya hau mulkinta a 1993. A 2003 ɗansa Ilham ya gaje shi, sai ka ce sarauta. A Kazakistan, ita ma mai arzikin mai, Nazarbayev ya riƙe kujera har 2019. Amma Lituwaniya, wadda ba ta da man kirki, mutanenta sun sha canza gwamnati da ƙuri'a.

Me ya kawo haka? Gwamnatin da ke ci da lanho dole ta zo ƙofar talaka. In ta matsa masa, ya yi gunaguni, ko ya kora garkensa ya bar gari. Wadda kuɗinta ke fitowa daga rijiya kuwa ba ta roƙon kowa. Ta biya soja, ta biya ma'aikata, mai ƙorafi ya rasa abokin magana.

Dattawan Kurfai sun ga irin wannan da idonsu. Seyni Kunce, ɗan Fandu cikin yankin Filinge, ya karɓi mulki a 1974, bayan babban fari. Kuɗin uraniyom na Arlit suka shigo. Aka soke lanhon kai, aka haƙa rijiyoyi, aka gina lakwal da gidajen likita. Ba mai musun wannan alheri. Wanda ya taɓa sayar da akuyarsa don biyan lanho ya san daɗin da aka ji. Amma majalisar dokoki a rufe take, ba ta dawo ba sai 1989. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ayyuka suka yi sanyi, kuma babu wakilin talaka da zai ce a kawo lissafi.

Tsarin mulkin 2010 ya ce a riƙa bugawa a fili abin da ƙasa ta samu daga mai da ma'adinai, kamfani bayan kamfani. An dakatar da shi a 2023.